Sunan Baffana a Takardar Sakandare Ya Tsaya Mini a Hanyar Digiri Na Biyu

Zuwa ga Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digiri,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman afuwar fito da maganar nan fili. Sau biyu na rubuto ta ofis, ko "mun gani" ba a ce mini ba, ga shi ranar Juma'a mai zuwa za ku rufe karɓar takardu.

Sunana Nasiru, ɗan Farin Dutse ta ƙaramar hukumar Gwaram. Gurbin digiri na biyu nake nema a lissafi. Bara kun ƙi ni, bana ma hanyar aka kama, kuma ba jarrabawa na faɗi ba.

1. Babu sharaɗinku da ban cika ba. Kiredit biyar har da Turanci da lissafi, akwai. Digiri na farko da sakamakon da kuka nema, akwai. Wasiƙun shaida na malamai uku sun iso gare ku. Ba a cokali aka ba ni wannan karatu ba, Farfesa. Shekaru biyun ƙarshe na sakandarenmu babu malamin lissafi, da tsofaffin littattafan gwanjo na koya wa kaina. Digirin ma karatun nesa na yi, ina gyaran waya a Gwaram, littafi a gefen tebur.

2. Ga laifina. Ina ɗan shekara biyar mahaifina, Malam Garba, ya ba ƙanensa Idi riƙona, domin Allah bai ba Idi haihuwa ba. A Birnin Kudu na tashi a hannun Baffa Idi. Shi ya kai ni makaranta, hedimasta ya ga wanda ya riƙo hannuna, ya rubuta Nasiru Idi. Wa zai ce a goge? A wurinmu wannan ba kuskure ba ne, zumunci ne. Da na je karɓar takardar shaidar ƙaramar hukuma a Gwaram kuwa, dagacinmu a matsayin ɗan Garba ya san ni, aka rubuta Nasiru Garba, haka ya bi katin ɗan ƙasa da digiri. Lokacin digiri na farko mutum ne ya karɓi takarduna, ya karanta rantsuwar da na yi a kotu cewa Nasiru Idi da Nasiru Garba mutum ɗaya ne, ya buga hatimi, shi ke nan.

3. Yanzu kun ɗora na'ura a ƙofa. Da ta ga Idi a sakandare, Garba a digiri, sai ta watso ni waje da jan rubutu. A shafinku na intanet duka babu inda mutum zai saka takardar rantsuwa. Na duba, mai shagon intanet ya duba, har ya fara jin kunyar karɓar kuɗina. Ranar Litinin da ta wuce na hau babur zuwa bakin titi, na hau mota na zo da kaina. Na wuni a benci. Da la'asar wani ma'aikaci, ko fayil ɗina bai buɗe ba, ya ce in je hukumar jarrabawa a cire Idi, in dawo baɗi. Wai ai abu ne mai sauƙi. Mai sauƙi a bakinsa. Watanni ake yi ana bin wannan gyara, kuma sai na rubuta da hannuna cewa sunan mutumin da ya ci da ni, ya tufatar da ni, kuskure ne.

4. Ba ni da wata baɗi. Akwai Dakta ɗaya a sashenku na lissafi, masanin aljabara, da na yi shekara biyu ina tura masa aikina ta waya yana gyara mini. Ya yarda ya duba bincikena, amma ɗaliban bana ne na ƙarshe da zai ɗauka kafin ya yi ritaya. Ban san kowa ba a jami'ar nan sai shi. In ya tafi, wa zai kalli mai gyaran waya daga Farin Dutse?

Jiya Baffa ya ji labari a bakin Inna, matarsa. Ya kira ni ya ce in je a cire sunan nasa, shi ba komai. Muryarsa ba ta ce ba komai ba. Ko na yarda ma, Juma'a ba za ta jira ni ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: ka sa mutum mai ido ya buɗe fayil ɗina kafin Juma'a. Ku buɗe gurbin saka takardar rantsuwa a shafinku, don 'ya'yan riƙo ba ni kaɗai ba ne a Jigawa. In rantsuwar kotu ba ta ishe ku ba, ku yi mini jarrabawa a gabanku, ku zaɓi tambayoyin da kuka ga dama. In ita ma ba ta isa ba, Garba da Idi duk suna raye. Baffa ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, amma ya ce zai zo ko a goye. Ku sa mana rana, in kawo muku su biyun, ku tambaye su ko mutum nawa ne ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya haɗa 'ya'yanka da masu duba takarda da idon rahama.

Wassalam.

Nasiru, ɗan Garba, riƙon Idi,
Farin Dutse, Gwaram.