Ƙamshin Alkol a Motar Yaya

Dakoro, ranar Talata

Yaya Sa'adu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zafin Maradi? Yaya Mariama da yara? Mu nan lafiya, sai abin da nake so ka ji daga bakina kafin ya iso maka a tasha.

Ran kasuwa na ɗauko wani buzu, Agali, daga Azagor a motarka, da ɗansa Intalla, ƙyanda ta rufe shi. Da muka kai shi likita, majo, babban mai jinyar wurin, ya ce kada in ɗauki kowa sai motar ta sha iska, in goge duk inda hannu ke taɓawa da alkol na farmasi. Ya ce a tsumma ake zubawa, ba a kan kujera ba, a inuwa, mota a kashe, ba wuta kusa, ƙofofi duka a buɗe.

Duk na kiyaye, sai na ƙarshen. Ka san inda nake aje motar, jikin masallacin da Baba ke limanci. Kunya ta kama ni a ji wannan wari mai kama da na giya a ƙofar liman. Sai na shige, na rufe gilashi ruf, na yi ta goga. Kaina ya fara juyawa, na ce bari in ƙarasa. Da na fito ƙafa ta ƙi ni, na dafa bango, kwalba a hannu, daidai ana fitowa la'asar. Ladan ya toshe hanci. Baba ya dube ni, ya sa takalminsa hagu a dama, ya wuce.

Bai tambaye ni ba, Yaya. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Jiya a bayan kabu-kabu ya tafi suna, yana riƙe da rawani, motar ɗansa tana tsaye. Yara kuma sun raɗa mini Tangaɗi.

Ƙanenka,
Zakiru

Dakoro, ranar Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na ji saƙonka cewa za ka kira Baba. Ka bari.

Jiya na mayar da Intalla gida, ya fara shan hura. Da na dawo na tsaya inda abin ya faru, ƙarƙashin icen bedi, na buɗe ƙofofin nan duka, na ɗora kwalbar bisa mota inda kowa zai gani. Na goge a hankali, mariƙin ƙofa, bel, abin tuƙi. Masu alwala suka zubo mini ido. Ladan ya tambaya ko yau ma biki ne, aka yi dariya, ban ɗago ba.

Baba ya zo ƙarshe. Ya ɗauki tsumman ya sansana, ya tambayi jikin yaron buzun. Sannan ya miƙo mini sandarsa, wai hannun marasa lafiya da yake dubawa na taɓa ta, in goge masa.

Gobe zan kai shi Ɗan Gulbi. Sunan Tangaɗi dai bai bar ni ba, har Inna jiya ta kusa faɗa.

A gaida Mariama. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Zakiru