Mijina Yana Son Mu Rabu a Takarda Saboda Tallafin Tsufa

Malama, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa wannan magana ba tare da ta zaga unguwa ba.

Shekaruna sittin da bakwai, a garin Tongyeong aka haife ni, a nan na tsufa. Shekara talatin na yi ina ɓare kawa, wato dodon-koɗin ruwa da ake ci, a rumfunan bakin teku, tun asuba har yamma, har yatsuna suka kanannaɗe. Mijina, baban 'yarmu Yeon-ju, leburanci yake yi a wurin ƙera jiragen ruwa, sai bayansa ya lalace tun yana ɗan shekara hamsin da biyar. Daga lokacin ni na riƙe gida. Duk da haka kowane wata sai na zuba wani abu a fanshon kaina a kamfanin inshora, shekara ashirin ban taɓa tsallake wata ba. Ko rigar sanyi ban sauya ba a tsawon shekarun nan.

Bara fanshon ya fara fitowa, won dubu ɗari da tamanin a wata, a kuɗin ƙasarmu. Na yi murna har na saya wa tsohon naman shanu. Wata biyu bayan haka takarda ta zo daga ofishin unguwa, wai tunda ina da kuɗin shiga, an rage mana tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Abin da aka cire kusan daidai yake da fanshon. Kuɗin tsufan da gwamnati ke ba mu ma dama an zabtare wa kowannenmu kashi ɗaya cikin biyar, wai don mu mata da miji ne. Maƙwabciyata da ba ta taɓa tara ko won ɗaya ba, abin da ke shiga hannunta bai gaza nawa ba. Ba hassada nake mata ba, amma ashe gwamnati na yi wa adashi.

To ga inda abin ya tsaya. Wani tsoho mai suna Bang, abokin darar mijina a zauren tsofaffi, ya ce masa shi da matarsa sun rabu a kotu, kowa yana karɓar nasa cikakke, kuma har yau ita ke yi masa kimchi, kabejin nan mai yaji da muke ci da shinkafa. Sai mijina ya dawo muna cin abinci ya ce mu ma mu yi haka, wai takarda ce kawai, takarda ba ta cin shinkafa. Na ce masa tsufa ne ya taɓa masa kai. Ya ce shekara goma sha biyar yana ci daga yatsuna, wannan ne kaɗai abin da ya rage zai iya ba ni. Ashe har ya je ya duba wani ɗan ɗaki a saman rufin wani bene, saboda ma'aikatan gwamnati sukan zo su tabbatar an rabu. Mutumin da ciwon sukari ke damunsa, wanda in ban ajiye masa magani kusa da cokali ba ba zai sha ba!

Shekara arba'in da uku muna tare. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Amma abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da ya ambaci ɗakin nan, wani sashe na zuciyata ya ce da ma na huta. Na gaji, Malama. 'Yarmu tana can birnin Incheon da nata nauyin, ba ta san komai ba. Ƙanena kuma ya ce in karɓe fanshon gaba ɗaya in ɓoye. In yarda da wa?

Mai Ɓare Kawa, Tongyeong

Baiwar Allah,

Haushinki yana kan hanya. Hujjar gwamnati ita ce tallafi cike giɓi ne, wanda giɓinsa ya ragu nasa ya ragu. Ba hujjar banza ba ce, amma tsarin da zai sa mai tattali ta ga kamar wahalar banza ta sha yana buƙatar gyara, kuma ba ke kaɗai ke faɗar haka ba. Sai dai ki sani fanshon nan naki ne. Tallafi ana iya sauya masa ƙa'ida gobe, wannan kuwa guminki ne.

Batun saki, kada ki sa hannu. Kotu ba ta san sakin wasa ba. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, ko ranar da ɗayanku ya riga ɗaya, za ki iske a idon doka ke baƙuwa ce. Idan kun ci gaba da zama tare an gano, za a nemi ku mayar da abin da kuka karɓa. Idan kun rabu da gaske, hayar ɗakin da kuɗin ɗumama shi za su cinye ƙarin. Bang ya ba shi labarin riba, bai ba shi na asara ba.

Shawarar ƙanenki ma ki dakata da ita. Kuɗin da aka karɓa dunƙule ana iya lissafa shi cikin dukiya, ɓoye shi kuma laifi ne. Ki je ofishin unguwa ki nemi a rubuta miki yadda aka yi lissafin, ki tambayi tallafin haya, na magani da na mai kula da marar lafiya a gida. Daga nan ki kai takardun wurin lauyoyin da ke duba irin wannan kyauta.

Mijinki ba gudunki yake yi ba, kunya ce ke cin sa. Ki ba shi aikin tattara takardun, ku tafi tare, ya ji yana da amfani. Gajiyarki kuwa ba abin kunya ba ce. Hutu kike buƙata, kuma ana samunsa ba sai an kashe aure ba. Ki kira 'yarki a makon nan ki gaya mata gaskiya. Gara ta ji daga bakinki yanzu da ta ji daga bakin likita.

Ina yi muku fatan lafiya da sauƙi, ke da shi.