Fitilar da Ka Miƙa wa Inna

Assalamu alaikum, Yaya Mu'azu. Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya a can ƙasar sanyi, ina yi maka ta'aziyyar Inna a fili, tunda kai ma a fili ka yi taka.

Na ga abin da ka rubuta a shafinka, wai ka gode Allah mahaifiyarka ta ga hasken aikinka kafin ta rasu. Mutane sai sa maka albarka suke yi. To Yaya, ba ta gani ba.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe Rimawa, lokacin cirar albasa? An saki ruwan madatsar Goronyo, kowa na fadama, amma gidanmu ya cika don dakta ya dawo. Ka zauna tsakar gida kana bayani: yadda kuke daskarar da wani sinadari, ku sa shi cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, ku harbe shi da hasken leza har ya tashi kamar tururi ya kwanta a kan leda. Ka ce kaurinsa bai kai na ɓawon albasa ba, kuma da an ba shi wuta sai ya haska. Ka ce wahalar aikin ita ce lallaɓawa, don kada zafin ya ƙone shi. Ka iya lallaɓa sinadari, wannan kam na shaida.

Sai ka fiddo 'yar ledar, ka haɗa ta da batir, ta yi kore shar. Ka ɗora wa Inna a tafin hannu, ka ɗaga wayarka kana ɗaukar bidiyon fuskokin baƙi.

Wayar batirin ta zame, fitilar ta mutu. Inna ta kai ta kusa da fuska ta ce, "Masha Allah, wanga haske da kyawo!" Duk matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Kai kaɗai ka yi dariyar jin daɗi.

Tun kafin damanar da ta gabaci zuwan naka idonta ya tafi. Likita a Sakkwato ya ce jijiyar ta mutu, babu gyara. Ni ke jan ta zuwa bayi, ni ke sa mata cokali a hannu. Ta hana ni sanar da kai. "Kada ki hwaɗa mai, hankalinai shi rabu biyu." Amma ka kwana gidan, Yaya. Ka ci tuwo gabanta. Mi ya hana ka duban idonta sau ɗaya?

Hoton yana wayarka. Koma ka kalla.

Ranar da motarka ta tashi, ta daɗe tsaye bakin zaure har ƙarar ta ɓace. Ka san ba ta kama sunanka, ɗan fari ne kai. Ta matse hannuna ta ce, "Wancan, ya yi ƙiba ko ya rame?"

Na ce ya yi furfura, Inna. Sai ta ce ashe shi ma ya gaji.

Ban rubuto don ka bar aikinka ba, ita ma ba za ta so ba. Ka goge rubutun nan kawai, ka taho. Ni zan nuna maka kabarin, don ba za ka gane shi ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Kai kuma Allah Ya ba ka ƙarfin kallon hoton nan har ƙarshe.

Ƙanwarka,
Balkisu