Hannun Baban Rumaisa

Talata, 8 ga Oktoba, 2024

Dachung ya sake zuwa da mandolin ɗinsa, wata 'yar garayar Turawa. Maƙwabcinmu ne na flat na sama, mutumin Jos, direban bas, kullum haƙora a waje. Shi ya sa wa maigidana, Baban Rumaisa, ra'ayin cewa kiɗa zai motsa masa hannun dama. Shekara guda ina shafa wa hannun nan man zafi tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke yanka masa nama, ni ke kai shi physio, wurin masu gashin jiki, a Lewisham cikin ruwa da sanyi. Yanzu wani ya shigo da ɗan abu mai kama da rabin ƙwarya, wai shi ne magani.

Asabar, 12 ga Oktoba

Akwai 'yar roba mai kusurwa uku da ake kaɗa tsirkiyar da ita, pick suke ce mata. Dachung ya ce a lanƙwasa manuniya, a ɗora robar a gefenta, babban yatsa ya kwanta a kai. "Oga, kada ka matse. Daga wuyan hannu, ba daga gwiwar hannu ba, kamar kana yarfe ruwa."

Robar sai faɗuwa take yi. Ni ke sunkuyawa in ɗauko, har ƙarƙashin kujera. Ba wanda ya ce mini sannu.

Talata, 22 ga Oktoba

Yau Baban Rumaisa ya kama sautin da suke ce wa G. Yatsu biyu kacal na hagu, hannun da dama can lafiyarsa lau, amma ka ce jarrabawa ya ci. Dachung ya nuna masa idan ya matsar da yatsun nan biyu layi ɗaya sama, yadda suke, ya samu C. Sai ga Baban Rumaisa yana dariya har da buga ƙafa. Rabon da in ji wannan dariyar tun yana aikin rediyo.

Na shiga kicin na kunna blender, alhali ba abin da zan markaɗa sai albasa ɗaya.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Robar ba ta faɗi ba yau. Na zauna kamar baƙuwa a falona.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Rumaisa ta kira video daga Manchester. Ya ɗauko mandolin ɗin da Dachung ya bar masa aro, ya kaɗa mata G da C, G da C, kamar ƙofa mai kuka. Ta yi ta ihu, "Baba, look at your hand!" Shi kuma ya ce, "Aikin Dachung ne, Allah ya saka masa."

Aikin Dachung.

Ina tsaye a bayansa riƙe da wayar, hannuna har ya sage. Kishi nake, na sani, kuma abin kunya ne mace ta haura hamsin tana kishi da katako da direban bas. Amma Dachung bai taɓa ganin mutumin nan yana kuka don ya kasa ɗaga cokali ba. Ni na gani. Idan hannun ya warke ta hanyar wani, ni me na yi ke nan duk shekarar nan?

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na tsinci robar a kan tebur ina goge-goge. Na jefa ta cikin gwangwanin daddawa na rufe. Ya yi ta lalube a tsakanin kushin. "Hajiya, ba ki ga 'yar abar nan ba?" Na ce ai ni ba makaɗiya ba ce. Dachung yana aikin safe duk makon nan, ba mai kawo wata.

Gidan ya yi tsit. Na zaci zan ji daɗi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na dawo daga kasuwar Catford da kaya niƙi-niƙi, tun daga matakala na ji kiɗa. Raina ya ɓaci, na ɗauka Dachung ya sauko. Ashe Baban Rumaisa ne shi kaɗai. A kan tebur ga babban almakashina na ɗinki, ga tsohon katin Oyster na shiga bas an yanke masa kusurwa, da ita yake kaɗawa. Yankan a karkace, baki duk zaƙo-zaƙo.

Almakashin nan yana da tauri, ni kaina sai na cije. Kuma Baban Rumaisa bai taɓa iya yanka komai da hagu ba.

Na ce, "Da wane hannu?"

Ya ɗaga na dama, bai ko dube ni ba, ya ci gaba da C ɗinsa. Na shige banɗaki na saki famfo don kada ya ji ni. Na daɗe ina roƙon Allah wannan ranar, sai ta zo mini ta hanyar muguntata.

Da muna cin tuwo ya ce miyar ta yi daɗi, daddawar ta ji. Ya faɗa yana kallon kwano. Ya sani.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ya tafi masallaci shi kaɗai, a bas. Na ce in raka shi, ya ce in huta. Ban kira shi a waya ba, ko da yake na ɗauke ta na ajiye ya fi a ƙirga.

Mandolin na kan kujera. Ƙura kawai na je gogewa. Na ciro robar daga gwangwanin daddawa na wanke ta da sabulu, har yanzu da ɗan wari. Tsirkiyar nan tana yanka yatsa, ba wanda ya gaya mini. G ɗina kamar ana jan akuya. Ba wai ina so ba ne, so nake in ga abin da ake ta zuzutawa.

Ya dawo na miƙa masa shayi, ya ga layukan da suka kwanta a kan yatsuna. Ya ajiye kofin. Ya kamo wuyan hannuna da hannunsa na dama, ya girgiza shi a hankali.

"Kin cika matsewa, Karimatu. Sassauta."

Riƙon yana da ƙarfi, har ya ɗan yi mini zafi. Ban ce ya saki ba.