Bindigar da Na Sa wa Sunana

Daga tudun Danao

Zuwa ga 'yata Perpetua,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya ke da mijinki. Uwarki Soling ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kin san ban yi boko ba. In kin ga wata kalma mai laushi, tata ce.

Inday, 'yata, na rufe maƙera. Idanu sun ƙi. Na raba ƙarafuna, sai abu ɗaya, ƙaramar bindigar nan da kika taya ni gogewa kina yarinya. Ba ni da ɗa namiji, kuma ko da ina da shi ke zan ba, don hannunki ya fi na kowa daidai, duk da kin kai shi birni kina buga wa bindigogin kamfani lamba kamar mai ƙirga awaki. Ban manta ranar da kika tafi ba ki waiwayi rumfar nan ba, amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Zan sa ta cikin buhun masara, Boboy direba ya kawo miki ranar kasuwa.

Ubanki, Eutiquio Lawas

Daga birnin Cebu

Tatay,

Ina gaishe ku da girmamawa, Babana, ku da Nanay mahaifiyata. Don Allah kada ku ba Boboy buhun nan. Bindigar da ba ta da lamba ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. In aka same ta a shingen bincike Boboy zai sha ɗauri. In ta iso gidana aka gani, aikina ya tafi, ni ma a ɗaure ni. Ba zan iya buga mata lamba a wurin aikinmu ba, abin da kamfani ya ƙera kawai ake yi wa rajista.

Hanya ɗaya ce, ku miƙa ta ga 'yan sanda. Ba zan ɓoye muku ba, waɗanda aka miƙa tara su ake yi, motar daɓe titi ta bi ta kansu.

Na waiwaya, Tay. Kuna sunkuye kan aiki ne ba ku gani ba.

'Yarku mai biyayya, Perpetua

Daga tudun Danao

Perpetua,

Gaisuwa. Uwarki ta karanta mini takardarki, na sa ta maimaita wurin motar.

Lamba kike so? Tambayi kowa a tudun nan yadda ake gwada paltik, bindigarmu ƙirar gida. Masu aikin ƙarya suna ɗaure ta a jikin bishiyar kwakwa, su ja kunama da zare suna laɓe bayan dutse. Ni ban taɓa sallamar bindiga ba sai na harba ta a hannuna. Yatsuna goma ne har yau. Lambata ke nan.

Na sauka rumfar bammi, Dodong Kulas, wani maƙerin bindiga, yana can, shi da yatsunsa da suka rage. Ya ce, "Manoy, babban yaya, na ji 'yarka mai bin gwamnati ta ƙi gadonta. Kawo mu haɗa da nawa a kai wa mota." Na ce, "Dong, riƙe kofinka da hannu biyu, kada ya suɓuce." Kowa ya yi dariya, amma na dawo gida ban ci abinci ba.

Abin da ba ki sani ba, tun ina saurayi duk bindigar da na ƙera sunan Bature nake buga mata, don dillalai ba sa karɓa sai da shi. Aikina ya zaga duniya da sunan mutanen da ba su taɓa ganin tuduna ba. Wannan kaɗai na buga wa E. LAWAS, DANAO. Ita kike so a kwantar a titi kusa da bindigogin bututun ruwa na Kulas.

Uwarki ta ce mini, "Tikyo, ƙarfe ka haifa ko yarinya?" Na ce ta rubuta abin da aka ce mata kawai. Ga shi ta rubuta har da nata.

Ban ba Boboy ba. Ban kuma ba 'yan sanda ba.

Ubanki

Daga tudun Danao

Inday,

Gaisuwa mai yawa. Takardunki sun iso, ban amsa ba don ina da aiki.

Bayan coci ranar Lahadi na kai bindigar bayan maƙera na harba ta sau ɗaya, a hannuna. Ta buga tsaf kamar ranar da aka gama ta. Sai na ɗaure ta a teburi na ɗauko zarto. Da ido mai gani aikin safiya ɗaya ne, ni kuwa ya ci mini kwanaki, uwarki na riƙe mini wurin da zan yanka tana mita. Na yanka ta gunduwa-gunduwa yadda ko ni ba zan iya mayar da ita ba.

Na sa farar rigata na kai guntayen ofishin 'yan sanda cikin gwangwanin biskit. Sajan ya zazzage su, ya ɗaga ɗaya yana juyawa a haske. Ya ce, "Tay, wa ya ƙera wannan?" Na ce ni. Ya ce, "Wa ya yanka?" Na ce wanda ya isa. Motarsu ta taka abin da ta samu.

Guntu ɗaya na rage, ɗan siriri kamar yatsa, inda sunan yake. Na dasa shi a ƙotar tsohon magagarina, wanda kika koyi gugar ƙarfe da shi. Boboy zai kawo. In akwai dokar da ta hana uba ya ba 'yarsa magagari, ki rubuto in ji.

Masarar ma ki karɓa, ba komai a ciki.

Ubanki, Eutiquio Lawas

Daga birnin Cebu

Tatay,

Ina gaishe ku. Magagarin ya iso, babu dokar da ta hana. Yana kan teburina, sunan yana kallon sama. Shugaban sashenmu ya tambaya wane kamfani ne Lawas, na ce wanda ya horar da ni.

Zan zo bikin gari. Ku tanadi kifi, ku kuma faɗa wa Kulas yatsuna goma ne.

'Yarku, Perpetua Lawas