Takardar Jan Biro a Akwatin Koke

Inna Delu, ina gaida ki da aiki. Don Allah ki taimake ni, mako uku ke nan zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Ni shugabar wata makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo a ƙasar Jega. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma sunayen da zan kawo duk na sauya su. Da aka ba mu jihar Kebbi shekara biyu da suka wuce aka maido ni gida daga Sakkwato, na tarar da ɗalibai ba su kai sittin ba. Gida-gida na bi, har ƙauyuka irin su Katanga, ina roƙon iyaye, ina ce musu amanar ɗiyansu tana wuyana. Yau muna da ɗari da arba'in.

Saboda wannan alkawari na sa kafinta ya yi mini akwatin katako, na kafa shi a bayan ajujuwa inda ba mai ganin wadda ta jefa takarda. Na ce wa yara duk abin da ya dame su su rubuta, ba sai da suna ba. Mabuɗin yana hannuna, ina buɗewa duk Alhamis. Da farko ƙananan abubuwa ne: ban-ɗaki ba ƙofa, manyan ɗalibai na dukan ƙanana, wani ɗan kabu-kabu na tsayuwa a bakin ƙofa yana kiran yara. Duk na gyara, har na fara jin daɗin kaina.

Sai ranar nan na tsinci wata takarda. An rubuta cewa Malam Ɗalha yana kiran 'yan aji biyu sito, ya tura ƙofa, yana taɓa su. Layi biyu kawai.

Malam Ɗalha shi ke koyar da aikin gona, mabuɗin sito yana wurinsa. Bara aka kawo mana shi daga wata makaranta a wajen Maiyama, a tsakiyar zango, kuma har yau fayil ɗinsa bai iso ba, an ce ya maƙale tun rabon jiha. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya latti, shi ya raya mana lambun albasa. Watan jiya ma na tura sunansa a naɗa shi mataimakina.

To, Inna, ga abin da ya rikita ni. Da jan biro aka rubuta takardar, mu kuwa malamai ne ke riƙe jan biro. Rubutun a karkace yake kamar da hannun hagu aka yi, amma babu kuskure ko ɗaya, duk haruffa masu ƙugiya an sa musu ƙugiyarsu. Yaranmu ba su iya haka ba. Wanda ya iya shi ne Malam Maccido, malamin Hausa, wanda ya shekara tara a makarantar, ya sa rai da muƙamin mataimaki, kuma tun da ya ji na tsallake shi gaisuwarmu ta yi sanyi. Na ɗauko littafinsa na shirin darasi na gwada rubutun, wani lokaci in ga kama, wani lokaci in ga babu.

Da a nan abin ya tsaya da na yaga takardar. Amma ran Talata na zaga sito ba sanarwa, na iske ƙofa a ture, Malam Ɗalha da yara biyu suna ciki suna shirya fartanyoyi. Ya ce awaki ke shiga su ci iri. Gaskiya akwai awakin. Kuma wata yarinya 'yar aji biyu, Mubina, mai son karatu, kwananta goma ba ta zo ba. Na je gidansu, uwarta ta ce ciwon kai ne. Yarinyar ta gaishe ni kanta a ƙasa, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba.

Yanzu kowa zarginsa nake. In Malam Ɗalha ya yi dariya da ɗaliba, sai in sa musu ido. In Malam Maccido ya tambaye ni ko an samu wani abu a akwati, in ce ga shi ya tona kansa. Maigidana ya ce in rufe bakina, don in maganar ta shiga kasuwar Jega iyaye za su kwashe ɗiyansu cikin mako guda. Ina tsoron ɓata sunan mai iyali a kan ƙarya, ina kuma tsoron in yi shiru a kan gaskiya. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Riƙon Amana, Jega

'Yar'uwa Mai Riƙon Amana,

Allah ya saka miki da wannan akwati. Amma ki yi haƙuri in gaya miki: mako uku kina binciken wanda ya rubuta takarda, ba ki binciki abin da aka rubuta ba. Ki mayar wa Malam Maccido littafinsa. Yarinya na iya ɗaukar jan biro daga teburin malami. Tana iya roƙon yayarta ta rubuta mata. Ko da shi ɗin ne ya rubuta, mai jin haushi ma yakan ga abu da idonsa. Haka kuma ƙofa a ture da fayil da ya makara ba su isa a kira mutum mai laifi ba.

Abin da ba ya buƙatar hujja ki fara da shi. Ran Litinin ki tara malamai ki kafa doka a kan kowa, har ke: ba malamin da zai keɓe da ɗaliba a bayan rufaffiyar ƙofa, kuma ba a buɗe sito sai da malama mace a wurin. Awakin a yi musu shinge. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba, kariya ce gare shi. Maganar mataimaki kuma ki nemi a dakatar da ita tukuna.

Mubina ta fi kowa gaggawa. Kada ki koma mata a matsayin shugaba, tsoronki zai rufe mata baki. Ki tura malamar da ta fi sakewa da ita, su zauna ba idon jama'a, ta tambaye ta me ya hana ta zuwa, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Kada a sa mata magana a baki, kada kuma a yi mata alkawarin ɓoyewa. Haka za a yi da sauran 'yan ajin, ɗaya bayan ɗaya. Ke kuma ki hau mota ki tafi Maiyama ki zauna da tsohon shugaban Malam Ɗalha, ki tambaye shi ido da ido dalilin sauyin. Takardar ki adana ta, ki sanar da ofishin ilimi na shiyyarku a rubuce.

In yarinya ko ɗaya ta tabbatar, a ranar ki raba Malam Ɗalha da ɗalibai, ki kira iyayenta, ki miƙa maganar ga hukuma. Kada ki yarda a lallaɓa a tura shi wata makaranta, can ma ɗiyan mutane ne. In kuwa ba a samu komai ba, ki kira shi ki gaya masa abin da aka ce da abin da kika gano, ki wanke shi sarai.

Tsoron maigidanki yana da tushe, wasu iyayen za su iya janye yaransu. Amma waɗanda suka ji daga bakinki cewa kin ɗauki mataki za su dawo da su. Waɗanda suka gano kin sani kin yi shiru ba za su sake buɗe miki ƙofa ba.

Ki fara gobe, kada ki ƙara mako na huɗu. Allah ya bayyana miki gaskiya, ya tsare ɗiyan da ke hannunki, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Inna Delu