Kafin Ku Sa wa Motar Babanku Sabon Inji

Ni ce Saloma, matar marigayi Haggai. Ina rubuta wannan da hannuna a gidanmu na Zuru, zuwa gare ku 'ya'yana, Ebenezer da Mika da Joyce. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini wuya, amma kaina lafiya lau yake. Kada wani ya ce ciwo ne ya sa Mama surutu.

Gida da gonar Manga ba su dame ni ba. Ku noma tare, ku ci tare, kamar yadda na faɗa a gaban fasto. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne tsohuwar Golf ɗin nan da ke tsaye ƙarƙashin mangwaro.

Kun san yadda babanku ya tafi. Yana dawowa daga kasuwar Danko da fasinja, inji ya mutu masa a tsakiyar daji, masu bindiga suka fito a kan babura. Ya ce wa mutane su gudu, shi ya tsaya. An same shi a gaban motar, bonet a buɗe. Tun daga ranar, Ebenezer, maganarka ɗaya ce: da injin yana da ƙarfi, da Baba yana nan. Yanzu ka samo wani babban inji na Beljiyam, ka ce za ka sa mata, ka koma lodi a wannan hanya, ba mai babur ɗin da zai kama ka. Ban ce ka yi ƙarya ba, ɗana. Amma ni tsoro nake ji. Mota ta tsaya inda bai kamata ba, na rasa miji. Ina tsoron ta ƙi tsayawa inda ya kamata, in rasa ɗa.

Na ɗaya. Motar ta Ebenezer ce, shi ne direba. Mika, kada a sayar da ita. Na ji ka ta taga kana ce masa, "Yaya, ka sa wa kaka takalmin gudu, ai sai ta karye." Shi kuma ya ce kai matsoraci ne, ko keke sai an riƙe maka. Kun yi dariya da farko, daga baya kuka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Na ga wannan. Ku gama shi tun ina numfashi. Mika, tsoronka gaskiya ne, bakinka ne ya yi zafi. Ebenezer, ƙanenka ba ya ƙin Baba don ya ƙi motar.

Na biyu. Ni ban san inji ba. Karatuna bai wuce firamare ba, abin da na sani a mota shi ne kujerar gaba da riƙe ƙofa idan an zo gangara. Shi ya sa na aika aka kira Malam Jabiru bakanike, wanda ya daɗe yana yi wa babanku gyara, na ce ya faɗa mini kamar yana faɗa wa uwarsa. Ya ce injin zai shiga, amma birkin da ke jikinta na ƙaramin inji ne, kuma ya tsufa. Ya ce lagireton yana yoyo, babban inji zai tafasa shi. Ya ce kuloci da kujerar inji da shokozoba duk sai an sake, tayoyin kuma sun zama kamar tafin hannu. Ebenezer, na tambaye shi ko ya gaya maka. Ya sunkuyar da kai ya ce ya gaya maka, ka ce a sa inji tukuna, sauran a yi su a hankali idan mota ta fara aiki.

Wannan "a hankali" ɗin ne ba na so. Na san ka. Ranar da ka ji ƙarar sabon inji, ba za ka kwana biyu ba ka hau hanya ba. Don haka a fara da birki da taya, sai lagireto da sauran, inji ya zo a ƙarshe. Injin ya zauna a zaure, a rufe shi da tampol. Ba zai ruɓe ba.

Na uku. Makulli yana hannun Joyce. Na riga na ba ta, yana cikin jakar zumuntar matan coci da na bar mata tare da zannuwana. Joyce, yayanki zai zo da daɗin baki, zai ce gwaji kawai zai yi zuwa tasha. Zai yi fushi, wataƙila ya tuna miki cewa ke ƙarama ce. Ki ce Mama ce ta hana. Ki bar shi ya yi fushi da ni, ni zan iya ɗauka ko ina cikin ƙasa.

Akwai jak ɗin ɗaga mota na Malam Jabiru a bayan motar, babanku ya ara kafin tafiyarsa ta ƙarshe. Mutumin ya ji kunyar tambaya. Ku mayar masa, ku yi masa godiya.

Tsohon injin kuma, kada ku ba 'yan gwangwan su fasa shi da guduma a ƙofar gidana. Na san shi ya mutu a daji. Amma shi ya kai ni asibiti da cikin Joyce, shi ya kai ku makaranta da buhun masara a baya. Babanku yakan shafa bonet da safe ya ce, "Sajan, tashi mu tafi aiki." Ku ba wanda zai gyara shi ya yi amfani da shi. Ban iya riƙe fushi da ƙarfe ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Ebenezer, ko inji ya yi gudu kamar iska, idan aka ce hanya ba kyau, ka juyo. Ba inji ne zai tsare ka ba.

Ranar da ka ce an gama aiki, kada Joyce ta sakar maka makulli don ka rantse kawai. Ta ara maka shi na wannan gwaji ɗaya. Ka ɗauko 'yarka Peculiar, ka sa ta a kujerar baya, Mika ya zauna kusa da kai, ku nufi gangaren hanyar Manga. Idan ka buɗe wa yarinyar ƙofa zuciyarka ba ta buga ba, to an gama. Idan hannunka ya tsaya a kan ƙofar, ka mayar wa Joyce makullinta, ka koma gareji. Motar da ba za ka sa 'yarka a ciki ba, ni ma ban yarda ka sa ɗana Ebenezer a ciki ba.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya rufe idon mugu daga kanku. Ku riƙe juna, kada ƙofar ɗayanku ta rufu wa ɗaya. Ku daɗe kafin ku biyo mu. Ni da babanku ba ma gaggawar ganinku.

Mamanku,
Saloma